Laifin Da Surukata Ta Ɗaukar Mini

Tun da na fara rubuta muku labarina a wannan shafi, saƙon da ya fi shigo mini shi ne, "Keziya, Allah ya saka miki, surukarki muguwa ce." Wata ma cewa ta yi da ita ce, da taɓarya za ta raka tsohuwar har tasha. Na karanta duka, har na danna alamar zuciya a ƙarƙashin wasu. Yau roƙonku nake yi, ku daina zaginta. Abin da na ba ku a baya rabin labari ne, rabin ma wanda ya fi yi mini daɗin faɗa.

Ga wanda yau ya fara karantawa, sunana Keziya, shekarata ashirin da shida, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a nan Kafanchan. Mijina Obadiah, Oba nake ce masa. A ƙungiyar mawaƙan cocinmu muka haɗu, shi yana kaɗa ganga, ni ina ɓata musu murya. Lokacin da cikina ya tsufa yana aikin haɗa sola a Sabon Tasha, can Kaduna. Sai ya yi sati biyu ko uku bai zo ba, don hanyar Kachia ba hanyar da mutum zai riƙa bi don marmari ba ce. Amma kullum da safe, kafin in sauke ƙafa daga gado, saƙonsa ya shigo.

"Yaya mutanena biyu? Ɗan ganga ya bar ki kin huta?"

Haka yake kiran cikin, saboda shurin da yake yi mini. Sai in ɗauki hoton ƙafafuna da suka kumbura kamar burodi in tura masa. Takalmana duk sun ƙi ni, silifas ɗinsa na wanka nake ja har makaranta.

Da na shiga wata tara mahaifiyarsa, Mama Edna, ta iso daga Kwoi. A kan mashin ta sauka, da buhun acca, da ƙullin citta, da zakara ɗaure a ƙafa yana ta ihu. Damina ce, gonar cittarta na bukatar noma, ta bar ta ta taho. Ni mahaifiyata ta rasu tun ina sakandare, don haka babu wadda za ta zauna mini sai ita. Hausar Mama ba ta rabe mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta.

"Kai, yarinya na, zauna! Wa ya ce ka ɗauki bokiti?"

Ita ke ɗebo ruwa, ita ke dama mini kunun gyaɗa, ita ke matsa mini ƙafa da man kaɗe da yamma tana rera waƙar zumuntar matan coci. Wannan ban taɓa rubuta muku ba, ko?

Naƙuda ta kama ni ranar Litinin da hantsi, cikin watan Agusta, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Maƙwabciyarmu Rabi'a, da muke ce wa Maman Saifu, ita ta sa mijinta Malam Sambo ya fito da motarsa ya kai mu wani ƙaramin asibiti. Ba zan faɗi sunansa ba. Abin da zan faɗa shi ne, nas ɗin da ta karɓe ni ta mare ni a cinya sau biyu, ta ce lokacin da nake jin daɗi ai ban kira ta ba. Da yaron ya fito da asubar Talata na ƙaru, aka yi mini ɗinki ina jin shigar allura da fitarta. Na ciji zanina har ya yage. A kan gadon nan na rantse a raina, ƙafata ba za ta sake taka ƙofar asibiti ba.

Washegari da za a sallame mu, wata nas ɗin daban ta ce, "Idan kika ga idonsa ya yi rawaya, ki dawo da shi ranar." Na ji ta sarai. Na gyaɗa kai don ta bar ni in tafi.

Oba ya zo ranar Laraba, ya ɗauki yaron ya yi ta kuka kamar shi aka haifa. Kwana ɗaya ya yi ya koma, don sun bar aikin wani otel rabi. Ya ce zai dawo ana gobe suna, da lemo da atamfar ankon da muka zaɓa, mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye.

Ranar Alhamis da safe, bayan tafiyar Oba, Mama tana yi wa yaron wanka a baho ta kira ni.

"Zo ka gani. Idon yaron nan."

Ta buɗe fatar idon da yatsa. Farin ya koma kamar an shafa kurkur. Ta danna masa hanci, wurin ya yi rawaya.

"Shawara ne," in ji ta. "Mu gwada rana yau. In bai sauka ba, gobe asibiti."

Wace rana? Agusta a Kafanchan? Muka shimfiɗa zani a baranda muka yi ta jiran hadari ya buɗe. Minti goma ya buɗe, ya sake rufewa.

Juma'a rawayar ta sauko ƙirjinsa. Mama ta ce, "Wannan ya fi ƙarfin rana. Na haifi shida, ban ga irin wannan ba. Tashi mu tafi."

Ni kuwa ina zaune a kan tawul saboda ɗinki, ina jin kalmar asibiti na tuna marin da aka yi mini a cinya. Na ɗauki waya na shiga wani guruf na masu jego da nake ciki, mu fiye da ɗari biyu. Na tura hotonsa, na rubuta, "Surukata ta nace sai asibiti, ni kuma ba na son komawa. Me zan yi?"

Amsoshi suka yi ta zubowa.

"Ba komai ba ne, nawa ma ya yi."

"Ki ba shi ruwan gulukos, kwana uku ya washe."

"Tsofaffin nan da tayar da hankali!"

Mace ɗaya ce ta rubuta, "Ki kai shi yanzu, don Allah." Na wuce ta kamar ban gani ba. Na zaɓi waɗanda suka faɗi abin da nake son ji.

"Mama, an ce ba komai," na ce mata.

"Wa ya ce?"

"Mutanen da suka sani."

"Suna cikin waya, yaro yana nan a hannu na."

Da la'asar Maman Saifu ta shigo da farfesun kaza a kwano. Ta leƙa fuskarsa, murmushinta ya ɗauke.

"Malama, wannan ba na zama ba ne. Baban Saifu yana gida, mota na nan. In kira shi?"

"Mun gode, ana ba shi magani," na ce. Ta dubi Mama, Mama ta dubi ƙasa.

Ranar Asabar ita ce ranar da nake so Ubangiji ya cire daga rayuwata. Na fito daga wanka na tarar Mama ta ɗaura zaninta na fita, ta kafa ɗankwali, ta naɗe yaron a shawul, tana neman takalminta a bayan ƙofa.

"Ina za ki da shi?"

"Asibiti. Kai ka kwanta, ni zan kai shi."

Na fizge shi daga hannunta har ya tsorata. Ku ji abin da na faɗa wa matar da ta bar gonarta don ni.

"Ɗana ne ko naki? Ni na yi karatu, na san abin da nake yi. Nan ba ƙauye ba ne. Kuma idan kika tayar wa Oba da hankali yana kan aikin wuta, abin da ya same shi ke ce."

Ta tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ta cire ɗankwalin ta ninke, ta shiga kicin. Na ji tana addu'a da yarensu, a hankali, tana hura gawayi.

Saƙon Oba ya shigo. "Yaya ɗan ganga?"

Na ja masa hula har gira, na jira ya rufe ido, na ɗauki hoton ta inda haske bai faɗa ba. "Lafiya lau, sai barci." Ya turo mini zuciya guda biyar.

Lahadi ya rage kama nono. Litinin, ana gobe suna, ya ƙi gaba ɗaya. Kukansa ya canza, ya zama siriri mai tsini kamar na mage, yana banƙarewa, kansa yana komawa baya. Oba ya shigo da azahar, katan ɗin lemo a kafaɗa, ledar anko a hannu, yana waƙa tun daga ƙofa. Ya ɗaga shawul. Ledar ta faɗi.

"Yesu! Kezi, mene ne wannan?"

Malam Sambo ko hula bai tsaya ɗauka ba. A babban asibiti suka duba shi suka ce mu wuce Jos yanzu yanzu. Duk hanyar nan Mama ce ke riƙe da shi. A Jos suka sa shi ƙarƙashin wata fitila mai shuɗin haske, suka rufe masa ido da ƙyalle, suka ce sai an canza masa jini. Washegari, ranar sunansa, muna tsaye a barandar asibiti Fasto ya yi addu'a ta waya. Oba ya ce sunansa Jason. Babu lemo, babu anko.

Da hantsi likita ta kira mu ofis, mu uku. Mace ce mai sanyin murya. Ta ce zai rayu, amma shawarar ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa, sai nan gaba za a san iyakar ɓarnar. Ta buɗe fayil.

"Yaushe kuka fara ganin idon ya canza?"

Oba ya juyo ya dube ni. Ina jin bugun zuciyata a cikin ɗinkin nan.

"Tun Alhamis," in ji Mama.

"Alhamis? Me ya hana ku kawo shi?"

"Ni ne. Ni na ce a sa shi a rana. Haka muke yi a ƙauye. Yarinya ya ce asibiti, ni na hana."

Na buɗe baki. Na rantse muku na buɗe. Mama ta taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, na rufe.

Ban taɓa jin Oba ya ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba sai ranar. A gaban masu jinya, a baranda.

"Mama, kin kashe mini yaro yana numfashi! Jahilcinki kika kawo mini gida? Ki tafi. Ki koma Kwoi, kada in sake ganin ƙafarki a ƙofata!"

Ta ce, "To, Obadiah." Shi ke nan.

Kafin ta tafi ta same ni a wurin famfo ina wanke zanen jariri. Ta tsuguna kusa da ni kamar za ta taya ni.

"Ni tsohuwa ne, fushinsa ba zai kashe ni ba, ni na haife shi. Kai aurenka sabo ne. Yaron nan zai bukaci uwa da uba a ɗaki ɗaya. Ka rufe baki."

Na rufe. Wata uku na rufe.

Bari in gaya muku yadda wata ukun suka kasance. Jason yaro ne kyakkyawa, gashinsa a kwance, hancin babansa. Amma wuyansa bai tsaya ba. Idan ka ɗaga shi kansa sai ya faɗi kamar na 'yar tsana. Jikinsa wani lokaci ya sandare, wani lokaci ya saki. Shan nono yaƙi ne, sai in yi awa guda ina lallaɓa shi, rabi ya zubo ta gefen baki. Wata rana murfin tukunya ya suɓuce mini a kan siminti, ƙarar har Maman Saifu ta leƙo. Jason yana kwance kusa da ƙafata. Ko ƙifta ido bai yi ba. Oba ya ɗauki murfin ya sake bugawa da cokali a gefen kunnensa, ya sake, ya sake, har na riƙe masa hannu. Mai kaɗa ganga, ɗansa ba ya ji.

Ya ajiye aikin Sabon Tasha ya dawo Kafanchan, yana 'yan gyare-gyaren wuta a gidajen mutane. Kowace Talata shi ke goya jaka mu tafi gashin ƙashi. Ya koyi yadda ake miƙe masa ƙafa da hannu, safe da yamma yana yi yana masa waƙar da ba ya ji. Shi ke wanke kayan kashi. Idan na yi kuka sai ya rungume ni ya ce, "Kezi, ba laifinki ba ne. Ke yarinya ce, haihuwar fari. Ke kaɗai na yarda da ke a duniyar nan yanzu." Da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Mama takan kira, ya kife wayar. Ƙanwarsa Martina ta kira ni ta ce a Kwoi maganar ta bazu, Mama ta sauka daga shugabancin zumuntar mata, ta koma zama a bencin baya. Wai mata masu jarirai sun daina miƙa mata su riƙe. Na ce, "Allah ya kyauta." Sannan na buɗe wannan shafi na fara rubuta muku labarin muguwar suruka. Kuna tausaya mini, ina samun barci.

Lahadin da ta wuce muka miƙa Jason ga Ubangiji a coci. Oba ya ce ankon nan da ba mu sa ba shi za mu sa. Tela ya sake matse mini rigar don na rame. Jason yana cikin farar riga mai aiki a wuya, Fasto ya ɗaga shi yana tallafe da kansa da tafin hannu, mata suna ta "ayya" a ƙasa-ƙasa. Muka dawo gida da 'yan mutane kaɗan, Maman Saifu ta dafa mana shinkafa tun safe.

Muna cikin rabon abinci mashin ya tsaya a ƙofar gida. Mama ce. Da ƙyar na gane ta, wuyanta ya zama kamar sanda. Tana riƙe da kwanon acca da sabuwar citta, da wata 'yar hula shuɗiya da ta saƙa da hannu.

Oba ya ajiye faranti. Jason na kafaɗarsa. Ya je ya tare ƙofa.

"Wa ya gayyace ki?"

"Ba kowa. Martina ya ce yau ne. Ba zan shiga ba."

"To me kika zo yi?"

"In ga fuskarsa kawai. In sa masa hula in tafi, mai mashin yana jira."

"Ki sa masa hula? Wuyan da zai ɗauki hular kin bar masa?"

Sai Mama ta ajiye kwanon. Ta dafa ƙofa, ta durƙusa. Gwiwa biyu a ƙasa, a gaban ɗan da ta haifa, a gaban matan coci.

"Ka yafe mini, Obadiah."

Na ɗaga kai, idona ya faɗa cikin na Maman Saifu. Tana riƙe da ludayi, kallona kawai take yi. Wata uku tana gaishe ni kullum, ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Oba, ba ita ba ce."

Ya juyo. "Me?"

"Ni ce. Ita ta ce a tafi asibiti tun Juma'a. Ranar Asabar ta ɗauke shi za ta kai shi, na ƙwace. Na zage ta. Na hana ta gaya maka."

"Ƙarya yake yi!" Mama ta ɗaga murya daga ƙasa. "Tausayi na yake ji. Kada ka saurare shi!"

Na buɗe wayata, na nemo guruf ɗin, na koma watan Agusta, na miƙa masa. Hoton Jason da idonsa rawaya, da abin da na rubuta a ƙasa, da kwanan wata. Ya karanta. Ya ja sama, ya ja ƙasa. Ya fita ya shiga hirarmu ni da shi, ya tsaya a kan hoton da na ja wa yaron hula. Na ga leɓensa yana motsi yana karanta "lafiya lau, sai barci."

Na zaci zai yi ihu. Bai yi ba. Ya miƙo mini wayar da hannu biyu kamar baƙuwa. Ya sunkuya ya ɗaga mahaifiyarsa, ya kakkaɓe mata ƙasar gwiwa da tafinsa. Ya sa mata Jason a hannu, ya gyara mata yadda za ta tallafi kan. Sannan ya fita da ankonsa a jiki, ko waiwaye babu.

Baƙi suka zame ɗaya bayan ɗaya, shinkafa ta huce a faranti. Mama ta sallami mai mashin. Ta zauna a baranda tana kallon fuskar jikanta, hawaye na ɗiga a kan farar rigarsa.

"Me ya sa ka yi haka?" ta ce mini. "Na riga na ɗauka. Na saba da shi."

Yau Laraba. Kwana uku bai kwana a gida ba, bai ɗauki kirana ba. Jiya ni da Mama muka kai Jason gashi. Ɗazu da azahar ina ba shi nono wayata ta yi ƙara.

"Ki haɗa kayan Jason da katin asibitinsa. Gobe da safe zan zo da Martina."

Na rubuta, "Ni fa?"

Ya karanta. Na ga alamar yana rubutu, ta tsaya, ta dawo, ta sake tsayawa. Sai ga shi.

"Nasa kaɗai na ce."

Mama tana tankaɗen acca a tsakar gida, ta ga fuskata ta ce in karanta mata. Na karanta. Ta sa na maimaita. Ta ajiye rariyar, ta goge hannu a zani, ta shiga ɗaki ta jawo kujerar katakon da Oba yake zama a kai. Ta kafa ta a tsakiyar ƙofar ɗakinmu, ta zauna, ta miƙe ƙafafu.

"Ci gaba da ba shi nono," in ji ta. "Bari ya zo. Ni ma ina da magana da ɗa na."